Me ya sa ban sakar wa manhajarka kuɗi ba tukuna

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka ɗora kuɗi a kan tsarin da ka rubuta, alhali gwajin da ka yi a kwamfuta ya nuna riba mai ruɗa ido. Ga tsarin kamar yadda ka bayyana mini: idan Nasdaq-100, ma'aunin farashin hannayen jarin wasu manyan kamfanoni a kasuwar Amurka, galibinsu na fasaha, yana sama da matsakaicin farashinsa na kwana 200, manhaja ta sayi TQQQ, asusun da ke ninka motsin wannan ma'auni. Idan ya faɗo ƙasa, ta sayar ta koma TMF, asusun takardun bashin gwamnatin Amurka, a matsayin garkuwa. Gwajin kuma ka faro shi daga 2010.

Tushen tunanin ba shi da laifi. Tun 1993 wasu masana biyu a Amurka, Jegadeesh da Titman, suka nuna cewa hannayen jarin da suka yi gaba a watanni 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da tafiya na ɗan lokaci. Bin sahun farashi sana'a ce ta gaske, kuma barin na'ura ta yanke hukunci ya fi barin zuciya, don zuciya takan sayi abu ranar da kowa ke murna ta sayar ranar da kowa ke kuka. Matsalar tana cikin kayan da ka zaɓa ka yi aikin da su.

TQQQ asusu ne na kamfanin ProShares, an buɗe shi a watan Fabrairun 2010. Alkawarinsa shi ne ya ninka motsin Nasdaq-100 sau uku a yini ɗaya. Riƙe wannan da kyau: yini ɗaya. Kowace yamma sai a sake daidaita shi, gobe a fara sabon lissafi daga inda kuɗin ya tsaya. Ɗauki alƙalami. Ka sa sefa 100,000. Yau ma'auni ya faɗi kashi 10 cikin 100, daga 100 ya koma 90, kai kuma ka faɗi kashi 30, saura 70,000. Gobe ma'auni ya tashi kashi 10, ya koma 99. Kai ka tashi kashi 30, amma na 70,000, ka zama 91,000. Ma'auni ya rasa kashi 1, kai ka rasa kashi 9, ba 3 da kake zato ba. Ba kullum kasuwa ke tsalle irin wannan ba, amma ƙananan hawa da sauka suna yin wannan aikin a hankali, wata bayan wata. In kasuwa ta miƙe hanya ɗaya, ninkin yana taimakonka har ya wuce sau uku. In ta tsaya tana kai da kawo, yana cin uwar kuɗi ko da ma'auni bai je ko'ina ba. Ga kuɗin kula da asusu da ya kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, ga kuɗin ruwan da ke ɓoye a cikin yarjejeniyoyin da asusun ke ƙullawa da bankuna don ya sami ninkin.

To irin wannan kasuwa mai kai da kawo ita ce kuma take rikita layin kwana 200 ɗin naka. Farashi ya leƙa ƙasa, manhaja ta sayar. Bayan sati ya leƙo sama, ta saya da tsada. Ya sake faɗowa, ta sake sayarwa da asara. Kowane zagaye akwai la'adar dillali da tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Na duba gwajinka, ban ga inda ka cire waɗannan ba. Kuma ka bar na'ura ta saya a kan farashin rufe kasuwa na ranar da alamar ta fito, alhali ba ka sanin alamar sai an rufe. A zahiri sai washegari za ka shiga, a farashin da ka tarar.

Layin yana da amfaninsa, ban musa ba. A 2020 ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya zube kusan kashi 34 daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, wanda ya bi layin kuma ya fita tun ƙarshen Fabrairu. Amma layi ba ya tare faɗuwar yini ɗaya. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones ya faɗi kashi 22.6 kafin a rufe. Ninka wannan sau uku ka gani.

Yanzu garkuwar taka, wadda ita ce ta fi damuna. TMF asusun kamfanin Direxion ne, yana ninka takardun bashin gwamnatin Amurka masu dogon zango sau uku. Shekaru da dama, in hannayen jari sun faɗi waɗannan takardu sukan tashi, har mutane suka ɗauka doka ce. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2022 tsadar kaya ta sa babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris zuwa sama da kashi 4 a Disamba. Kuɗin ruwa in ya hau, tsofaffin takardun bashi sukan faɗi, hannayen jarin kamfanonin fasaha ma haka. A shekarar Nasdaq-100 ya sauka kusan kashi 33, TQQQ ya sauka kusan kashi 79, TMF kuma ya zube fiye da kashi 70. Manhajarka za ta fitar da kai daga na farko ta kai ka cikin na biyu, a daidai lokacin da shi ma yake zubewa. Abin da aka ninka sau uku ni ba na kiransa garkuwa. Idan alama ta ce a fita, na fi son kuɗin su zauna tsaba, ko wani kaso ya shiga zinariya ba tare da ninki ba. Zai rage kyan jadawalinka, na sani.

Shekarun da ka zaɓa ma sun yi maka daɗin baki. Daga 2010 zuwa 2021 kamfanonin fasaha sun yi ta hawa, kuɗin ruwa yana ƙasa. Daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002 kuwa Nasdaq-100 ya rasa fiye da kashi 80. TQQQ bai wanzu ba a lokacin, amma kana iya gina shi da kanka daga farashin kowace rana. Yi haka, ka faro daga 1999. Kuma kada ka yi ta sauya 200 zuwa 180 ko 213 har sai jadawali ya yi kyau. In sauya kwana goma ya rushe ribar, to tun asali sa'a ce ka kama.

Sai abin da ya shafe mu nan Garwa. Kasuwar New York tana buɗewa ƙarfe 2:30 na rana agogonmu, ta rufe 9 na dare, a lokacin sanyinsu kuma ka ƙara awa ɗaya. In manhajar tana kan kwamfutar shago, aka ɗauke wuta ko intanet ya yanke daf da rufewa, umarninka bai tafi ba. Dole a yi hayar na'ura a waje mai aiki dare da rana, ta riƙa turo maka saƙo a waya in ta yi ciniki, haka ma in ta kasa. Sefa ɗinmu a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, asusun nan kuwa da dalar Amurka ake cinikinsu, don haka kana ɗauke da hawa da saukar dala ko ba ka so. Fitar da kuɗi kuma yana ƙarƙashin dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wadda ta fara aiki a 2019, banki zai nemi takardu. Kada ka bi ta bayan fage da kuɗin da ba naka ba.

Akwai maganar riba ta fuskar addini. Takardun bashi kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ninkin TQQQ ma da shi aka gina. Wasu cikin 'yan kasuwar da suka ba mu amanar kuɗinsu ba za su yarda ba ko da ribar ta kai ina, kuma haƙƙinsu ne a faɗa musu tun farko. Ka je wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki ka kwatanta masa yadda abin yake aiki dalla-dalla, ba sunansa kawai ba.

Ka gyara gwajin, ka cire TMF ka gwada da tsabar kuɗi, ka sa la'ada da jinkirin kwana ɗaya. Sannan ka bar manhajar ta yi wata shida tana ciniki a takarda. Lambar da za ka fara kawo mini ita ce faɗuwa mafi zurfi da tsarin ya yi, da watanni nawa ya ɗauka kafin ya farfaɗo. Daga ita za mu yanke kason da za a fara da shi, kuma daga aljihuna zai fito.