Amsa ga mai tambaya kan ma'aikatan asibiti da gwiwarsu ta yi sanyi

Malam, ka ce an ƙara wa ma'aikatanku alawus, amma har yanzu suna zuwa aiki kamar an kora su. Ba abin mamaki ba ne. Kuɗi yana hana mutum ajiye aiki, amma ba shi ke sa zuciyarsa ta zauna a kan aikin ba.

Fara da ƙirga gadaje: nas ɗaya, majinyata nawa? Binciken Linda Aiken, masaniya kan aikin nas, na 2002 a asibitocin Pennsylvania ta Amurka ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar aikin ya gallabe ta har ya fita ranta tana ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 kuma da kashi 7. Idan nan ne matsalar, lacca kan kishin aiki ɓata lokaci ce.

Sai jadawali, inda ake yawan yin ɓarna ba a sani ba. Wadda ta tashi ƙarfe 9 na dare, aka sa ta karɓi aiki ƙarfe 7 na safe, awa 10 ke nan tsakani, a ciki za ta koma gida, ta ci abinci, ta yi barci. Dokar Tarayyar Turai awa 11 ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin hutu a jere cikin kowace awa 24. A fitar da jadawalin makonni kafin lokaci, a bar abokan aiki su yi musaya bisa ƙa'ida, a raba aikin dare da adalci. Da zarar aka ga 'yan lele ba sa kwanan asibiti, sauran sun saki aikin.

Kayan aiki ma haka. Safar hannu ta ƙare, na'urar awon jini ɗaya ce a ɗaki guda, 'yan uwan majinyaci kuwa kan nas suke sauke fushinsu.

Amma a ganina shugaban sashe ya fi komai tasiri. Wanda ke yi wa ma'aikaci tsawa a gaban majinyata saboda kuskuren magani, ɓoye kuskure yake koya masa.

In za ku auna kishin aikin ma'aikata, akwai ma'aunin Utrecht, wata takarda mai tambayoyi 9, yana duba kuzari, sadaukarwa da nutsuwa cikin aiki. A cike ba suna, a sa har masu shara da masu tura gado. Kada dai ku raba takardar sai kun shirya gyara aƙalla abu ɗaya da suka ambata, in ba haka ba zagaye na biyu ba wanda zai cike.