Amsar tambayar Yaya Alhaji kan tseren motar da nake zuwa ran Asabar

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Yaya Alhaji, na ji saƙonka tun jiya, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba, a yi mini afuwa. Ka ce ka ga bidiyon da na ɗora, mota biyu a jere suna tashi, ka ce wannan ba irin gangancin da yara ke yi a titi ran ɗaurin aure ba ne? Sannan ƙaninmu na Kaduna ya tambaya wai sai mutum yana da mota mai tsada zai shiga. To bari in haɗa su in amsa gaba ɗaya, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai Yaya, ba a titi ake yi ba. Fili ne na musamman, an killace shi, hanya biyu a miƙe samɓal, babu kwana, babu mai tsallakawa, ga motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye. Wanda na fi zuwa shi ne Texas Motorplex a garin Ennis, kudu da Dallas, an buɗe shi tun 1986. Tsawon tseren rubu'in mil ne, wato mita 402, wasu ranakun ma rabin haka ake yi, mita 201. Shi kenan. Kafin ka gama karanta Fatiha an gama. Ƙungiyar da ke kula da abin a nan Amurka, NHRA, wani Wally Parks ne ya kafa ta a 1951, kuma dalilin kafa ta kenan, a kwashe samari daga tsere a kan titi a kai su inda akwai doka. Wato damuwar da kake da ita, Yaya, ita ce ta haifi wasan.

Waɗancan da kuke gani a YouTube, dogaye masu fitar da wuta ta salansa, suna haura kilomita 500 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4, su ƙwararru ne, sana'arsu kenan, kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu. Su ma tun 2008, bayan rasuwar wani direbansu, Scott Kalitta, a hatsari a filin tsere na Englishtown, aka rage musu zangon ya koma ƙafa 1,000, wato kusan mita 305. Mu ba ma kusa da nan. Mu 'yan Asabar ne, da bakanike, da direban tirela, da malamar makaranta, har da tsoho mai jikoki. Motar da nake zuwa aiki da ita, da ita nake shiga.

To ƙanina, ga amsarka, kuma nan ne daɗin abin yake. A ajinmu ba mai gudu ne ke ci ba. Da safe za a ba ka dama ka gwada, kowane gwaji a miƙo maka 'yar takarda mai lokacinka. Sai ka duba, ka yanke wa kanka lokaci, ka rubuta da farin alli a gilashin motar. Misali ni na rubuta daƙiƙa 15.20, abokin karawata mai dankareriyar mota ya rubuta 11.20. Na'ura za ta sake ni in riga shi tashi da daƙiƙa 4, shi yana zaune yana kallon bayana, sannan a sake shi ya biyo ni. A lissafi tare ya kamata mu isa. Amma ga sharaɗin: in ka yi gudun da ya fi abin da ka rubuta, ko da ɗigo ɗaya ne, a ce 15.19, ka faɗi, ko da kai ka riga isa. In ku biyun duk kun zarce, wanda zarcewarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Saboda haka ba za ka yi wayo ka rubuta lokaci mai yawa don a ba ka rata ba, kanka za ka yanka. Shi ya sa za ka ga mutum dab da layin ƙarshe ya waiga, ya ga ya ba abokinsa tazara, sai ya ɗan sassauta totur don kada ya wuce alƙawarinsa. Mai kallo sai ya ce wannan lafiyarsa kuwa, ana tsere yana rage wuta? Nan kuwa shi ne gwanin.

Na sha ganin tsohuwar a-kori-kura, duk fenti ya koɗe, ta kori motar da kuɗin tayoyinta kaɗai sun saye ta. Mai a-kori-kurar ya san ta ne kamar yunwar cikinsa. Ya san da rana tsaka, zafin Texas in ya buɗe, iska ta yi sako-sako, inji ba ya samun abin da yake so, motar za ta yi nauyi. Ya san da magariba in gari ya yi sanyi za ta ƙara kuzari, sai ya goge allin ya rage lambar. Iskar taya, yawan man da ke tanki, zafin inji kafin a tashi, duk yana rubutawa a littafi. Kuma galibi masu cin nan giyarsu otomatik ce, don ita ba ta da ra'ayi, yadda ta canja ɗazu haka za ta canja yanzu. Mai kuloci kuwa ƙafarsa yau daban, gobe daban.

Sai maganar tashi, wadda ita ke kayar da yawancinmu. Akwai wani dogon ƙarfe mai fitilu a tsakanin motocin biyu. Za ka matso a hankali har tayar gaba ta tare wani haske da ke ƙasa, ƙananan fitilun sama su kama, alamar ka daidaita. Daga nan rawaya uku za su sauko ɗaya bayan ɗaya, rabin daƙiƙa tsakaninsu, sannan kore. In ka jira sai ka ga kore, wallahi ka makara, don kafin ido ya gaya wa ƙafa, ƙafa ta gaya wa mota, an bar ka. Ana tashi ne a kan rawaya ta uku. In kuma ka yi gaggawa ka riga koren, ja ta kama, an fitar da kai tun ba ka je ko'ina ba. Tsakanin makara da gaggawar nan abin bai kai ƙiftawar ido ba, kuma shi muke bi duk mako.

Yaya, ban ce babu haɗari ba, mota ce. Amma kafin a bar ka ka hau, sai masu duba sun buɗe bonet: batir a ɗaure yake, lagireto ba ya zuba, baƙin mai ba ya ɗiga, bel na aiki, taya ba ta suɗe ba. Dogon wando da takalmi rufaffe dole ne. Ko esi ba a yarda ka kunna ba, don ruwan da yake ɗigarwa zai iya sa na bayanka ya zame. Motar da ke gama zangon a ƙasa da daƙiƙa 14, sai da hular kwano. In ta sauko ƙasa da 10 kuwa, sai ka yi lasisin tsere na musamman. Ni abin da ya fi tsorata ni ma hanyar komawa gida ce da dare, inda kowa ke latsa waya yana tuƙi.

Kuɗi kuma, kada wani ya ɗauka samu ake yi. Kuɗin shiga, mai, taya, duk daga aljihunka, kuma inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, in giyabos ya watse kai da bakanikenka ne. Kyautar da ake bayarwa a ajinmu, in an ci, da ƙyar take mayar da abin da aka kashe. Akwai masu saka kuɗi a gefe tsakaninsu, wannan caca ce, ba ruwana da ita.

Ƙanina, in Allah Ya kawo ka, ranar gwaji za mu fara zuwa, babu gasa, ka hau ka karɓi takardarka ka ga lokacinka. Ka zo da dogon wando. Yaya Alhaji, a gaishe mini da Hajiya da yara, sai na kira ran Juma'a in sha Allahu.