Kwanan wata a jikin hoto: a kunna ko a bari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya kamata ka kunna tsarin da ke buga kwanan wata da lokaci a jikin hotunan kyamararka. Shawarata ka bar shi a kashe, sai in aikin ne ya buƙata.

Da zarar kyamara ta buga lambobin nan a kusurwar hoton JPEG (nau'in fayil ɗin hoto da aka fi amfani da shi), sun zama ɓangaren hoton ke nan. Babu maɓallin da zai goge su, sai dai ka yanke gefen ko ka yi ta fama da gyara a kwamfuta. Kuma ko ka kashe ba ka yi asarar komai ba, domin kyamara tana adana rana, awa, minti har da daƙiƙa a cikin bayanan fayil da ake kira Exif.

Bugun yana da amfani a hotunan aikin gini ko na shaidar ɓarna, musamman da yake WhatsApp yana cire Exif idan ka tura hoto kai tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne agogon kyamarar kansa. Idan kyamara ta daɗe babu batir, ƙaramin batirin ciki mai riƙe agogon yakan ƙare, kwanan wata ya rikice. Don Allah ka duba agogon kafin ka fara ɗauka, haka ma in ka je ƙasar da lokacinta ya bambanta.