Shin Lokaci Ya Yi da Zan Sauya Zartona Mai Bin Dogo?

Tambaya: Malam, zartona mai bin dogo (zarton lantarki da ke tafiya a kan miƙaƙƙen dogo da ake ɗorawa a kan katako) ya fara ƙona bakin katako, kuma sau biyu yana yi mini tutsu, ya zabura daga kan dogon. Har gabana faɗuwa yake yi in zan kunna shi. Abokan sana'a sun ce injin ne ya yi ƙanƙanta, in sayi babba. In saya?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Ƙunar nan yawanci daga faifan take, wato zagayayyen ƙarfen yankan nan mai haƙora. Ko haƙoransa sun dakushe, ko danƙon itace ya manne musu, ko kuma kana tsaga katako mai kauri ta tsawonsa da faifai mai haƙora 48, alhali aikin mai haƙora 12 zuwa 16 ne. Wanke shi, ko ka sauya.

Babba yana da dalili ɗaya: zurfin yanka. Zarto ƙirar Festool TS 55 yana kai milimita 55, Makita SP6000 kuwa 56, dogon kuma ya cinye kusan 5. In kullum kana fama da katakon da ya fi haka kauri, babban zarton Festool, TS 75, zai yi maka rana.

Amma maganar cewa babban inji ba ya tutsu, wallahi na gaji da jin ta. Wa ya koya wa mutane wannan? Tutsu yana zuwa ne idan tsagar ta rufe ta matse faifan ta baya, haƙoran da ke tasowa suka cafki katako suka jefo zarton wajenka. Ƙaramin inji wataƙila ya shaƙe ya tsaya. Babba ba zai tsaya ba, da dukan ƙarfinsa zai dawo maka. Kullum sai na ga an ɗora allo a kan benci biyu, an bar tsakiya tana lilo, a yanka nan, allon ya lotsa ya kama faifai, sannan a ce laifin inji ne. Wani gwanin ma har kwance wuƙar da ke bayan faifan yake yi, wai tana rage masa sauri, ita da aka sa don ta hana tsagar rufewa!

Shimfiɗa allon soso mai tauri a ƙarƙashin aikin gaba ɗaya. Ɗaure dogon. Kada faifan ya leƙo ƙasa fiye da milimita kaɗan, ka bar shi ya gama ɗaukar gudu kafin ka nutsa shi, kuma kada ka taɓa ja da baya yana juyawa. Yi mako biyu a haka, sannan mu sake maganar saye.