Sitiyari ya yi tauri yana kuka: wane mai za a zuba?

Malam, ka ce sitiyarinka ya yi tauri, yana kuka in ka sha kwana. Fara duba murfin tankin man sitiyarin, galibi an rubuta irin wanda ya dace. Tsofaffin Toyota da yawa man giya ATF Dexron suke sha, amma Honda nata daban ne. Ka zuba mata ATF, famfon sitiyarin zai iya lalacewa. Man birki kuwa, kar ka kuskura, kumbura robobi yake yi.

In man ya yi baƙi yana ƙauri, zuƙe shi da sirinji, zuba sabo zuwa layin MAX. Ɗaga gaban motar da jak, juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, iska ta fita.

In yana raguwa kullum, yoyo ne. Kai wa bakanike ya duba tiyo da famfon tun kafin ya ƙone.