Me Ya Sa Ake Adawa Da Tashoshin Lantarki Na Kwal?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina jin labarin masu fafutukar kare muhalli suna hana gina tashoshin lantarki masu amfani da kwal a Afirka, alhali da kwal ɗin Turai da Sin suka gina masana'antunsu, mu kuwa muna kwana cikin duhu. Shin wannan ba makirci ba ne na hana mu ci gaba? Daga wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙorafinka yana da tushe, domin abin da Afirka baki ɗaya take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Sai dai idan ka duba waɗanda suka ja daga a wannan nahiya, za ka tarar yawancinsu maƙwabtan tashoshin ne, kuma lafiyarsu da abincinsu suke karewa.

Ɗauki misalin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, tsohon garin Musulmi da ya yi suna wajen bikin Maulidi, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Kamfanin Amu Power ya shirya gina tasha mai ƙarfin megawat 1,050 a yankin, sai masunta da manoma suka haɗa kai da ƙungiyar Save Lamu suka garzaya kotun muhalli, suna fargabar cewa ruwan zafin da tashar za ta riƙa mayarwa cikin teku zai kori kifi, tokar kuma ta gurɓata ƙasa. A watan Yunin 2019 kotun ta soke lasisin, bisa hujjar cewa ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba, kuma binciken illar aikin ga muhalli bai cika ba. Ba a gina tashar ba.

Lamarin Afirka ta Kudu ya fi tsanani, domin can tashoshin sun daɗe suna aiki, kuma daga kwal ƙasar take samun mafi yawan wutarta. A yankin Highveld, wanda akasarinsa yake lardin Mpumalanga, akwai tashoshin kwal da yawa na Eskom, kamfanin wutar lantarki na gwamnati, da matatar kamfanin Sasol ta garin Secunda da ke mayar da kwal man fetur. Ƙona kwal yana fitar da hayaƙin farar wuta da zaiba da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda take ratsawa har cikin huhu ta shiga jini, ta haddasa asma da ciwon zuciya, musamman ga yara da tsofaffi. Tun 2007 gwamnati ta ayyana yankin a matsayin wanda iskarsa ke buƙatar kulawa ta musamman, amma aka yi ta jan ƙafa, har ƙungiyoyin kare muhalli na groundWork da Vukani suka kai ƙara. A watan Maris na 2022 babbar kotun Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatar iskar ta take haƙƙin da sashe na 24 na kundin tsarin mulki ya ba kowa, na zama a muhallin da ba ya cutar da lafiya, ta kuma umarci ministar muhalli ta fitar da ƙa'idojin tilasta gyara.

A ganina, ƙaryar sauƙin kuɗin kwal tana ƙarewa ne a asibiti, inda talaka yake biyan abin da ba a rubuta a takardar kuɗin wuta ba. Ga kuma batun jari: a 2021 Sin ta sanar a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje, don haka mai son ginawa yanzu zai sha wuya kafin ya sami mai ba shi bashi.

Tun da daga Gombe ka rubuto, inda ake haƙar kwal a Maiganga, duk ranar da aka zo muku da maganar tasha, ku nemi a karanta muku rahoton binciken illa ga muhalli a bainar jama'a, ku tambayi inda za a zuba toka da rijiyoyin da ke kusa da wurin, da kuma ko za a sanya na'urar tace hayaƙi.