Dokar da ta hana masu nutso kamun lobsta a New Hampshire: ta ina za a ɓullo mata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar New Hampshire ta Amurka, kuma ina yin nutso da tukunyar iska a baya don nishaɗi. Abokanmu na Massachusetts sukan yanki lasisi su shiga teku su kamo lobsta, wato babban ɗan'uwan jatan lande mai hannaye irin na ƙaguwa, da hannu su kai wa iyali, mu kuwa doka ta hana mu. Ƙungiyarmu ta masu nutso tana so ta nemi a gyara dokar. Me ya sa aka hana, kuma daga ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kuke nema ba wani baƙon abu ba ne, kuma ina ganin kuna da hujja. Sai dai idan kuka tafi majalisa da hujjar "ai Massachusetts ma ana yi" ita kaɗai, za ku dawo hannu rabbana, kamar yadda waɗanda suka riga ku suka sha dawowa. An kai irin wannan ƙudiri Concord, babban birnin jiharku, ba sau ɗaya ba, kuma masu sana'ar kamun lobsta suna adawa da shi.

Ga yadda dokokin suke. A New Hampshire da Maine, da tarko kaɗai mai kamun nishaɗi zai kama lobsta. Duka jihohin biyu suna ba mazauninsu lasisin kafa tarko har biyar don cin gida, amma ba su yarda ya nutsa ya ɗauko da hannu ba. Massachusetts ta yarda da tarko har goma, ta kuma yarda da nutso, da iyakar lobsta 15 a rana. A Florida da Kaliforniya ma masu nutso suna kamawa, amma kada ku dogara da su a gaban 'yan majalisa. Nau'in lobstan can daban ne, ba shi da manyan hannayen nan, kuma wanda ya san harkar zai nuna muku hakan cikin minti ɗaya. Massachusetts ce shaidarku, domin ruwa ɗaya kuke sha da ita, dabbar ma iri ɗaya ce.

To me ya sa aka hana? Mutane da yawa suna zaton tsoron ƙarewar lobsta ne. Akwai wannan, amma ba shi ne ke hana masuncin Portsmouth ko Seabrook, garuruwan gaɓar jiharku, barci ba. Abin da mai nutso zai iya ɗauka a ranar Asabar ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kamun kasuwa: Maine kaɗai ta sauke lobsta mai nauyin fam sama da miliyan 130 a shekarar 2016. Damuwarsu ita ce tarkonsu. Masunci yakan sa ƙoto a cikin kejin waya, ya sauke shi ƙasan teku, ya ɗaure shi da igiya zuwa alamar da ke yawo a saman ruwa mai launin da aka san shi da shi, ya tafi sai bayan kwanaki ya dawo. Tarkon nan kamar rumbu ne a gonar nesa, babu kwaɗo babu mai gadi. A yau, idan jami'in hukumar kifi da namun daji ta jihar ya ga mai nutso ya fito da lobsta a jaka, magana ta ƙare, ya karya doka. Ranar da aka halatta nutso kuwa, jami'in nan ba shi da hanyar sanin ko daga ƙarƙashin dutse aka ciro ta ko daga kejin wani. Wannan ce tambayar da ke kashe ƙudirin, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ku ƙara da cewa gaɓar tekun jiharku ba ta wuce mil 18 ba, mafi gajarta cikin jihohin da ke bakin teku. Wuraren duwatsu da mai nutso ke so su ne dai wuraren da tarkuna suka cika.

Akwai kuma batun taɓa dabbar. Doka ta hana ɗaukar mace mai ɗauke da ƙwai, ta hana ɗaukar wadda aka yi wa ɗan yanka a fiffiken wutsiya, alamar da masunta ke yi wa uwa mai haihuwa don kowa ya mayar da ita ruwa. Ana auna ɓawon baya daga ramin ido zuwa inda wutsiya ta fara: kada ya gaza inci uku da kwata, kada ya wuce inci biyar a wannan yanki. Masunci yana yin awon nan a kan jirgi, da rana tsaka, lobstar tana hannunsa lafiya. Mai nutso kuwa yana zura hannu cikin rami ne a duhu, ruwa na da sanyi, safar hannu ta yi kauri, sai ya fizgo kafin ya san mace ce ko namiji. Wani lokaci hannun dabbar ya ɓalle, wani lokaci ƙwai ya zube. Lobsta takan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ta kai girman da doka ta yarda, don haka masunta ba sa wasa da wannan. Ƙwararren mai nutso ya san yadda zai kauce wa ɓarnar, amma sai kun nuna cewa kowane mai lasisi zai koya.

Ku kuma san ƙarfin waɗanda za ku fuskanta. Hukumar da jihohin gaɓar Atlantika suka kafa don kula da kifin da suke tarayya a kai ta amince a 2023 da a ɗaga mafi ƙanƙantar awo da kashi ɗaya cikin 16 na inci, saboda ƙananan lobsta sun ragu a Tekun Maine. Masunta suka ce atafau. A farkon 2025 Maine ta janye, Gwamna Kelly Ayotte ta jiharku ta ce New Hampshire ba za ta bi ba, daga baya aka soke tsarin. Mutanen da suka iya tsayar da wannan ba za su ji tsoron ƙungiyar masu nutso ba. Kuma tunda ana maganar raguwar ƙanana, duk wanda ya zo neman sabuwar ƙofar kamu za a dube shi da ido biyu.

Saboda haka shawarata ita ce ku nemi kaɗan, kuma ku rubuta amsar tsoronsu a cikin ƙudirin da kanku. Lasisi mai iyakantaccen adadi, na mazauna jihar kawai. Lobsta ƙalilan a rana, ƙasa da na Massachusetts nesa ba kusa ba. Hannu kaɗai, babu mashi babu ƙugiya. Da rana kaɗai. Lambar lasisi a jikin tukunyar iska da tutar nutso, yadda jami'i ko masunci zai gane mutum daga nesa. Tazara daga kowace alamar tarko. Rahoton abin da aka kama a ƙarshen shekara. Abu mafi muhimmanci, hukunci mai tsanani ga mai nutson da aka kama yana taɓa tarkon wani, har da ƙwace lasisi. Idan daga bakinku wannan hukuncin ya fito, sauraron da za a yi muku zai bambanta. Ni da zan rubuta, zan sa wa dokar wa'adin gwaji na 'yan shekaru, ta mutu da kanta idan majalisa ba ta sabunta ba. Ɗan majalisar da ke ɗari-ɗari ya fi saurin yarda da abin da ya san yana iya warwarewa.

Kafin majalisa, ku je tashar jiragen masunta a Rye ko Hampton ku zauna da su. Kuna da abin da suke buƙata: guguwa da farfelar jirgi suna tsinke igiyoyi, tarkuna su ɓace a ƙasan teku, kuma ku ne kuke ganin inda suke. Amma kada ku ɗaga ko ɗaya da ka, domin taɓa tarkon wani laifi ne ko da ya ɓata. Ku shirya aikin tare da hukumar kifi da masu tarkon. Ku kuma tambayi hukumar nawa sa ido zai ci, don za a tambaye ku, kuma kuɗin lasisin ya kamata ya ɗauki nauyin.

Tsarin majalisarku yana taimakon ƙaramar ƙungiya. Wakilai 400 ne a majalisar wakilai, 24 a ta dattawa, albashinsu dala 100 a shekara, don haka wakilinka maƙwabci ne da za ka iya kira a waya. Ɗan majalisa ne kaɗai ke iya shigar da ƙudiri, kuma da kaka ake miƙa buƙatar rubuta shi, kafin zama ya fara a watan Janairu. Kowane ƙudiri sai an yi masa zaman jin ra'ayin jama'a, sannan kwamiti ya ba da shawarar a amince ko a yi watsi, zauren majalisa ya kaɗa ƙuri'a. Naku zai fi yiwuwa ya faɗa hannun kwamitin kifi da namun daji da albarkatun teku. Ku nemi wanda zai ɗauki nauyinsa daga cikin wakilan garuruwan gaɓa, domin idan duk masu sa hannu daga cikin tudu suke, za a ce waɗanda ba su san teku ba ne ke son raba abincin wasu. Ranar zaman, mutum biyar masu bayani daban-daban, kowa minti biyu ko uku, sun fi mutum hamsin masu maimaita magana ɗaya. Idan kuka samu ko da masunci ɗaya mai lasisin kasuwa da zai tashi ya ce ya karanta ƙudirin kuma zai iya zama da shi, ku ba shi wuri na farko a jerin masu magana. Allah ya ba da sa'a.